An Ɗauke Wuta, Amma Ta Ja Shi: Labarin Kafasitar da Wani Yaro Ya Naɗa a Katsina

Wani dare cikin watan Janairu, bayan sallar isha'i, ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa. "Yaya, ka zo, wuta ta ja yaron nan." Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wace wuta?" Layinmu ɗaya da su a nan cikin birnin Katsina, kuma a lokacin ina zaune a tsakar gida cikin duhu, don an ɗauke wuta. Wannan tambayar tawa ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, na san amsarta tun kafin in rufe baki, amma duk da haka sai da na yi ta. Mun taso a inda ɗauke wuta ke nufin waya ta mutu, kowa na iya kama ta. Wannan sabo ne ya kai hannun ɗan ƙanwata inda bai kamata ba.

Shekarunsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Tun yana firamare ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a same ta a haɗe. A hutun damina, cikin watan Agusta, ya kira ni ɗakinsa na zaure ya nuna mini abin da ya haɗa: kwalaben lemo guda shida a jere cikin kwali, kowace an cika ta da ruwan gishiri zuwa kafaɗa, an tsiyaya ɗan mai a saman ruwan, an huda murfin an zura doguwar ƙusa har cikin ruwa, sannan an naɗe jikin kwalbar daga waje da takardar alminiyam irin ta naɗe abinci. Ƙusoshin an haɗa su da waya ɗaya, alminiyam ɗin da wata wayar.

Wannan ita ce kafasita, abin da masu gyaran fanka ke kira kondensa. Asalinta ba wani abu ba ne illa abubuwa biyu masu ɗaukar wuta, da wani abu a tsakaninsu wanda wuta ba ta ratsa shi. A nan ruwan gishiri ne gefe ɗaya, alminiyam ɗaya gefen, gilashin kwalba a tsakiya. Batir kamar famfo yake, yana ba da ruwa a hankali. Kafasita kuwa bokiti ce: ana cika ta a hankali, amma in ta kife gaba ɗaya take juyewa. Da wannan siffa ta kwalba aka fara gano ta. A 1745 wani Bajamushe, Ewald von Kleist, ya ci karo da ita, sannan a farkon 1746 Pieter van Musschenbroek na jami'ar Laiden a ƙasar Holan ya ba da labarin tasa. Shi ma jan sa ta yi, har ya rubuta wa wani abokinsa a Faransa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake gwadawa ba.

Abin da yaron ke cika kwalaben da shi filebak ne, wato ƙaramar taransifomar da ke cikin tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ke samar da bolt 20,000 zuwa 30,000 don haska gilashin. Ya samo ta wajen masu gwangwan, ya naɗa mata 'yan zagayen waya, ya haɗa da taransista 2N3055, yana ba ta wuta daga cajar kwamfuta mai bolt 19. Idan ya kunna sai ka ji wani siririn kuka, fiii, sannan tartsatsi shuɗi ya riƙa tsalle tsakanin kawunan ƙarfe biyu masu santsi da ya kafa a katako, tas, tas, tas.

Na zauna a bakin katifarsa na yi lissafi a bayan littafinsa. Faɗin kwalba santimita 6, tsayin alminiyam ɗin 12, kaurin gilashi kamar milimita 3. Kowace kwalba ta ba ni wajen nanofarad 0.47, shidan a haɗe 2.8. Nanofarad shi ne ma'aunin girman kafasita. Tazarar da ke tsakanin kawunan ƙarfen milimita 6 ce, iska kuma takan fashe ta ba wuta hanya a kusan bolt 3,000 kan kowace milimita, ke nan kwalaben na cika zuwa wajen bolt 18,000 kafin tartsatsi ya tashi. Ƙarfin da kafasita ke riƙewa ana samun sa ne haka: rabin girmanta, sau bolt, sau bolt. Ana auna wannan ƙarfin da jul, ya fito jul 0.45. Wannan zai yi zafi ƙwarai, zai sa mutum ya yi tsalle, amma yana ƙasa nesa da jul 10 da masu aikin lantarki ke ɗauka a matsayin inda babban haɗari ke farawa. Na yaba masa, na ce ya riƙa haɗa wayoyin biyu da sukundireba kafin ya taɓa komai, na tafi.

A nan nawa kuskuren yake. Na ba shi umarnin da ya dogara ga tunawarsa, alhali na san akwai abin da ake liƙa wa kafasita ya riƙa zubar da wutarta da kansa ko mutum ya tuna ko bai tuna ba. Ban sa shi ya yi ba. Ban kuma gaya masa cewa hukuncin da na yanke na waɗannan kwalabe shida ne kaɗai ba. Abin da ya ji shi ne Kawu ya ce ba komai.

Damina kuma ta koya masa wani darasi na ƙarya. Gilashi na jan laima, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan kwanta a jikinsa idan iska na da danshi. Ga kuma ɓurɓushin gishiri da ya zuba a wuyan kwalaben. Sai wuta ta samu hanyar da take silalewa daga ƙusa zuwa alminiyam ta bayan kwalba. Ya gaya mini daga baya cewa a makonnin farko yana bin umarnina: ya kashe, ya ƙirga goma, ya sa sukundireba. Ba ya ganin komai, ko ɗan ƙyas. Ya yi haka sau da yawa har ya gamsu cewa da zarar kukan filebak ya tsaya, wuta ta tafi. Sai ya daina ɗaukar sukundireba. Ba taurin kai ba ne. Gwaji ya yi, ya ga sakamako iri ɗaya sau da dama, ya yarda da shi. Abin da bai sani ba shi ne sakamakon na watan Agusta ne da na gilashi mai gishiri a wuya.

A hutun Disamba ya so tartsatsi mai ƙara. Ya ga a YouTube yadda ake naɗa kafasita da leda, bai gaya wa kowa ba. Ya sayi leda mai kauri irin wadda magina ke shimfiɗawa kafin zuba kankare, ya yanka ta dogaye. Ya yanka alminiyam biyu, kowanne tsawon mita 3, faɗin santimita 15. Ya jera leda huɗu, kaurinsu a haɗe kamar rabin milimita, ya ɗora alminiyam, ya sake jera leda huɗu, ya ɗora na biyun, ya naɗe su tam kamar tabarma. Ya zura a bututun roba na ruwan ƙasa, ya toshe gindi, ya cika da man shafa na jarirai.

Abubuwa uku ne ke ƙara wa kafasita girma: faɗin ƙarfen, sirantar abin da ke tsakani, da irin abin. Leda ba ta kai gilashi ba a na ukun, tana wajen 2.25 a ma'aunin da gilashin kwalba ke wajen 7. Amma ta fi shi siranta sau shida, ga faɗi mai yawa, kuma naɗewa na sa kowane alminiyam ya yi aiki ta fuska biyu. Da na yi lissafin washegarin abin, nanofarad 36 na samu. Kusan ninki 13 na kwalaben. A tazarar nan ta milimita 6, jul 5.8 ke nan.

Don mai karatu ya ji nauyin adadin: tartsatsin da ke tashi daga bargo ko ƙofar mota a hunturu, wanda ke sa mutum ya zabura, 'yan ɓarɓashi ne cikin dubu na jul ɗaya. Jul 5.8 kuwa daidai yake da dutse mai kilo ɗaya ya faɗo daga tsayin santimita 60. Sai dai ba a fata yake sauka ba, cikin tsoka da jijiya yake bi. A irin wannan bolt fata ba ta tare komai, a ma'aunin yadda abu ke tare wuta, jiki ya kan zama kamar om 1,000 ko ƙasa da haka, don haka a farkon jan abin da ke ratsawa na iya kai amfiya goma sha wani abu a ma'aunin yawan wutar da ke gudana, amma cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba ya wuce. Gajartar lokacin ce ke sa mutane da yawa ke tashi daga irin wannan. Na'urar da likitoci ke buga wa ƙirjin wanda zuciyarsa ta rikice ma kafasita ce a cikinta, tana sakin jul 150 zuwa 360. Abu ɗaya ne, bambancin yawa ne da hanyar da ya bi.

Ledar kuma ba ta jan laima kamar gilashi, ga ta cikin mai, ga hunturun Katsina da ke busar da komai har leɓe ya tsage. Babu sauran hanyar silalewa. Ta baya ma babu, don a cikin filebak akwai dayod, wadda ke barin wuta ta fita amma ba ta barin ta komo. Abin da ya shiga bututun nan ya zauna.

Ga yadda daren ya kasance, kamar yadda ya ba ni labari a kan gadon asibiti, kuma abin da na gani a ɗakin ya gaskata shi. Sabuwar kafasitar takan ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ta cika, sannan ta saki ƙara kamar an fasa ƙwan fitila. Ya ji ta sau uku. Tana cikin cika karo na huɗu aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi duhu, kukan filebak ya tsaya. Bolt ɗin da ke ciki bai kai 18,000 ba, don da ya kai da tartsatsin ya tashi ya kwashe shi, amma ya yi nisa a hanya. Ya kunna fitilar waya ya riƙe a hannun hagu, ya miƙa na dama don ya kwance waya daga kan ƙarfen ya tattara kayan kafin babansa ya dawo daga masallaci. Babban yatsansa ya sauka a kan ƙarfe ɗaya, manuniya ta matso kusa da ɗayan.

Wutar ta shiga ta wannan yatsa ta fita ta wancan. Tsokar hannun ta murɗe, hannun ya yi baya da ƙarfi ya daki gefen ƙofar langa-langa. Raunin da ya fi girma a jikinsa daga ƙofar ne, ba daga wutar ba: yanka a damtse da ya ci ɗinki huɗu. A yatsun biyu akwai ɗigo fari-fari kamar kan allura. Hannun ya yi kwana biyu yana masa nauyi. Na nace a yi masa gwajin bugun zuciya kafin mu bar asibiti, aka yi, lafiya lau. Duk wanda irin wannan wuta ta ja ya kamata a duba shi, balle in ya suma, ko ya ji ciwon ƙirji, ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne wayar da ke hannunsa na hagu. Da hasken farin wata ya ishe shi, da ya sa hannu biyu kamar yadda kowa ke kwance waya, ɗaya a nan ɗaya a can. Hanyar wutar da ta zama daga hannu zuwa hannu, ta tsakiyar ƙirji. Yana kuma zaune a bencin katako da silifas a ƙafa, ba tsaye a kan siminti ba takalmi ba. Allah ne ya taƙaita. 'Yan dubiya kowa na cewa tsautsayi ne, ba a sa masa rana, kuma gaskiya ne. Amma wannan tsautsayin ina iya nuna ranar da aka shuka shi, a watan Agusta, ina zaune a bakin katifa.

Da safe na shiga ɗakin da sandar tsintsiyar bature da na ɗaura wa waya a baki. Ban taɓa komai da hannu ba. Na haɗa kawunan ƙarfen biyu, sai da ta yi ɗan ƙas. Ko bayan ta ja mutum, ta kwana, da sauranta. Kada kuma wani ya ce zai sa mita ya duba: mitocin da ake sayarwa a kasuwa iyakarsu bolt 600 ko 1,000, wannan wuta za ta tsallake cikinsu ta iso hannu.

Na ɗauki filebak ɗin da yaron muka je wurin wani dattijo mai gyaran talabijin a gefen babbar kasuwa, wanda ya yi aiki a kan masu ƙeya tun kafin a haifi yaron. Ya juya ta a hannu, ya dubi yatsun, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka?" Ya ce, "A waya na gani, Baba." Dattijon ya girgiza kai. "Mu maigidanmu bai bar mu mun riƙe ƙarfen liƙi ba sai da muka iya sauke wutar gilashi. Talabijin ta kwana uku a kashe, ka ɗaga robar nan ta bayan gilashi ba ka sauke ba, sai ta watsar da kai. Sukundireba, waya a jikinta zuwa ƙarfen akwati, hannu guda a aljihu. Kuma sau biyu ake yi." Maganarsa ta sau biyu akwai ilimi a cikinta. Gilashi da wasu abubuwan kan shanye wani ɓangare na wutar, bayan an sauke sai su sake fito da shi a hankali, bolt ya dawo ba tare da an kunna komai ba. Shi ya sa ake barin waya a ɗaure tsakanin ƙafafun babbar kafasita duk lokacin da take ajiye.

Dattijon ne kuma ya tambaye shi, "Mi ka shirya yi bayan wannan?" Yaron ya yi shiru, sannan ya ce akwai taransifomar na'urar ɗumama abinci a ƙarƙashin gadonsa, da kafasitarta. Jikina ya yi sanyi. Mutane na ganin tunda ita bolt 2,000 take bayarwa, filebak kuma 20,000, to ita ce mai sauƙi. Akasin haka ne. Filebak ƙaramar wuta take turawa, 'yan miliamfiya kaɗan, kowanne kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Waccan kuwa tana iya tura rabin amfiya ko fiye, ba tsayawa, alhali miliamfiya 50 zuwa 100 ta ƙirji sun isa su rikita zuciya, kuma tun daga wajen miliamfiya 10 zuwa 15 hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa saki. Ta kashe masu gwaje-gwaje da dama a ƙasashen duniya. A ranar na ɗauke ta daga gidan, kuma a kan wannan ban saurari roƙo ba.

Sauran kayan ne suka jawo gardama. Mahaifinsa ya ce a kwashe komai a kai bola, yaro ya fuskanci jarrabawarsa. Ƙanwata na bayansa, kuma ban ga laifinsu ba, su suka ga jini. Ni na ce musu abin da ya ja shi ba kwalaben da ya nuna mini ba ne, bututun da ya ɓoye ne. Yaron da ya iya samo filebak a wajen masu gwangwan zai iya samo wata, sai dai a wannan karon a ɗakin aboki zai haɗa, inda ba wanda zai kira ni. Mun kwana biyu muna wannan magana. Daga ƙarshe mahaifin ya yarda bisa sharaɗin sai bayan jarrabawa, sai da rana, sai ina wurin, kuma makullin akwatin kayan na hannun uwarsa.

Kafin a rufe akwatin mun yi aiki biyu. Na farko, mun haɗa abin da ya kamata in sa shi ya yi tun Agusta: jerin rezisto, wato ƙananan abubuwan da ke barin wuta ta wuce kaɗan-kaɗan, da ke zama a liƙe tsakanin ƙafafun kafasita, yana tsiyayar da wutar koyaushe. Rezisto guda ba zai yi ba, don irin na kasuwa mai rabin wat iyakarsa wajen bolt 350, wuta za ta tsallake shi kawai. Mun jera guda 60 masu megaom 2.2, wato om miliyan 2.2, ɗaya bin ɗaya, cikin siririn bututun roba, jimla megaom 132, kowanne na ɗaukar bolt 300. Da irin wannan a jikin bututun nan nasa, da cikin rabin minti bolt 18,000 ya sauko ƙasa da 40. A kan kwalabe shida kuwa daƙiƙa uku sun isa. Duk da haka rezisto na iya tsinkewa ba a sani ba, don haka mun yi sandar saukewa da bututun roba mai tsawon hannu, kuma ita ce ke fara taɓa komai. Na kuma sa ya rubuta a jikin kwalin da babban alƙalami: nanofarad 2.8, tazara kada ta wuce milimita 6, jul 0.45. Kafasitar kanti na zuwa da rubutunta a jiki, ta gida kuwa ba mai rubuta mata sai wanda ya haɗa ta.

Na biyu, mun tsiyaye man muka warware naɗin a tsakar gida. Ina son ya ga cikinsa da idonsa. A tsakiyar faɗin alminiyam ɗin ledar fes take. Amma a bakin-bakinsa, inda almakashi ya bar ƙananan haƙora, akwai ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jere kamar an yayyafa shayi. Wuta na taruwa ne a wuri mai tsini, ta riƙa cin iskar da ke kusa, kuma man bai shiga ko'ina ba, kumfar iska ta maƙale tsakanin ledojin. A wuri ɗaya, kusa da inda ya liƙa wayar fita, leda biyu cikin huɗu sun riga sun huje, ramin da bakinsa baƙi. Sau uku kacal ta yi ƙara ta kai haka. Da an ci gaba, sauran biyun za su bi, tartsatsin ya tashi a cikin bututu mai cike da mai da leda, taku biyu daga katifar soso.

Ya daɗe a tsugune yana ɗaga ledar sama yana leƙa rana ta cikin ramin. Sannan ya ce, "Kawu, a bar mini wannan gutsuren." Na yanka masa, sauran na naɗe na tafi da shi makaranta, yana cikin kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, ina fito da shi idan muka iso darasin kafasita a aji biyar.